Yadda Hannuwana Suka Mutu a Hanyar Faraku

Tun da na dawo daga ƙasar Benin ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya zauna a tabarmata, kafin in jiƙa masa kai sai ya ce, "Bello, yaya Faraku? An ce ka ga abu." In fara ba shi labari, ya juyo kai yana dariya, ga aska a hannuna. Wata rana zan cire wa wani kunne. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Bokona ba shi da yawa, a yi haƙuri da shi.

Ni wanzami ne a Gwandu, ubana wanzami, kakana wanzami. Ɗiyata Dije tana aure a Parakou, garin da bakinmu ke kira Faraku, mijinta Sani yana sayar da albasa a can. Ta haifi namiji, aka bugo waya aka ce sunan Baba, mahaifina, Allah ya jiƙansa, za a mayar wa yaron. Dije ta karɓi wayar da kanta ta ce babu wanda zai yi wa ɗanta askin suna sai ni. Uwarta Hajo ta riga ta tafi tun cikin ya tsufa. Ni ban taɓa wuce Kamba ba, ban kuma so tafiyar ba, amma ɗiya ta faɗa da kuka a murya, yaya zan yi?

Motar da ke zuwa Faraku kai tsaye a Kalgo take tashi, ta wani direba Na-Allah mai kai 'yan kasuwa. Na iso Kalgo da hantsi mota ba ta cika ba, sai na shiga gari gaida wana, Yaya Umaru. Yaya ya fi ni iya aska nesa ba kusa ba, amma shekarun baya ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yanzu yana zaune a zaure, hannun yana kan cinya kamar wanda aka ba shi ajiya, baki ya ɗan karkace. Duk gidanmu mun san yadda abin ya fara, don ya sha faɗa: yana dawowa daga kasuwa cikin mota ya ji kamar kiyashi na bin yatsunsa, ya ce ba komai, washegari bai iya ɗaga moɗa ba.

Ya ce, "Da wace aska za ka?"

Na ce, "Da tawa, Yaya."

"Taka? Sunan Baba za a sa, ka tahi da askar kasuwa? Ke, ɗauko min zabirar Baba."

Matarsa ta kawo. Zabira ita ce jakar fata da wanzami ke rataya kayan aikinsa. Ta Baba tsohuwa ce, fatar ta yi baƙi ta yi tauri, cike da ƙahonni da askake da dutsen wasa aska. Tana da nauyi ba kaɗan ba.

Yaya ya ce, "Ka san ƙa'idarta. Ba ta taɓa ƙasa, ba ta shiga but ɗin mota cikin kayan mutane, ba a tsallake ta. Askar ciki kuwa ba ta shiga hannun wanda ba na gida ba. Ka ji?"

Na ce na ji. Tawa zabirar ma ba zan iya barinta ba, don sabulu da almakashi da sauran tarkacena suna ciki. Sai na rataya ɗaya hagu ɗaya dama, na ɗage maratayan suka zauna cif a ƙarƙashin hammata, na jefa babbar riga a sama. Hanya akwai shingaye, mutum da wuƙaƙe a fili tambaya zai sha.

Wanda bai taɓa shiga irin motar nan ba, ga yadda ake zama: biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ɗaya ya matsa gaba ɗaya ya jingina, haka har ƙofa ta rufu da ƙyar. But kuwa buhunan albasa ne aka ɗaure da igiya. Ni na faɗa tsakiya. Hannun damana wata Hajiya Kulu ce mai zuwa sarin atamfa, hagu kuma Madam Rahila, 'yar Zuru, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Kamba. Bakin ƙofa wani Bafulatani ne da bai cika magana ba.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Kai malam, fuska ba nama, jiki kamar rumbu. Kuɗin mutum biyu ya kamata ka biya."

Na matse hannuwana a jiki don in rage faɗi.

Ba mu kai Bunza ba na ji shi. Yatsun hagu suka fara, kamar kiyashi. Na motsa su, na ce zama ne. Can na dama suka ɗauka. Kafin wani lokaci tafin hannuwana duka biyu suna yar-yar kamar na damƙi minjirya a cikin taru. Wallahi abin da na gani a idona zauren Yaya ne, da hannun nan a kan cinya. Sai zufa. Mutanen da ba wanzamai ba suna zaton da ido ake aski. Kan babba ko da ido ka yi ka wuce, ƙashi ne. Kan jariri kuwa taushi gare shi kamar ƙwai da bai yi ɓawo ba, yatsa ke gaya wa aska inda za ta tsaya. Jibi ne suna, ga yatsuna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Na daure har na kasa. Na ce, "Direba, hannuna ya mutu."

Na-Allah ya dubi madubi. "Wanne?"

"Duka."

"Wanga ai ciwonmu na direbobi. Girgizar sitiyari ka kawo shi, da ɗora gwiwar hannu bisa taga. Ni in na kai Gaya hannuna kamar na aro shi."

Na ce, "To ni tuƙi nike?"

Hajiya Kulu ta ce, "Iska ce. Tsamiyar nan da munka wuce, kowa ya san ba a wuce ta ba addu'a. Ka yi?"

Bafulatanin da tun Kalgo bai ce uffan ba ya leƙo ya ce, "Mataccen jini ne. In ka sauka ka nemi wanzami ya yi maka ƙaho."

Ga ƙahonni suna sukana a haƙarƙari hagu da dama. Ko dariya ban iya yi ba.

Madam Rahila ce ta ce wa direba ya tsaya. Ya fara ƙorafin rana na yi, ta ce, "Tsaya na ce." Muka fito gefen titi, na gaya mata abin da ya sami Yaya. Ta ce in yashe haƙora, na yashe kamar akuyar da aka babbake. Ta ce in ɗaga hannu biyu sama in riƙe, na riƙe. Ta ce in faɗi sunana da na garinmu da inda za ni. Ta ba ni yatsunta ta ce in matse da ƙarfi, Hajiya tana gefe tana salati.

Ta ce, "Malam Bello, wannan bai yi mini kama da shanyewar jiki ba. Shi ɓari ɗaya yakan ɗauka, ya taɓa baki ko magana ko ƙafa. Naka hannu biyu ne, kuma da ƙarfinka. Yawanci in hannu ya yi haka a mota, jijiya ce aka danne, ko a wuya, ko a kafaɗa, ko a gwiwar hannu, ko a wuyan hannu. Zama wuri ɗaya a matse. Kana da ciwon suga?"

"Ban taɓa awo ba."

"Hawan jini fa?"

"Ban taɓa awo ba."

"Ɗan'uwanka na kwance da wannan ciwo, kai ba ka taɓa awo ba?" Ta girgiza kai. "Ga shi kana haki. Tsoro ma yana ƙara shi, ja numfashi a hankali. Amma ka ji ni da kyau, kai ma direba ka ji: in bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya faɗi, kada a tsaya shafa komai. Asibiti mafi kusa."

Ba ta ga abin da ke cikin rigar ba, ni kuma bai zo mini a rai in faɗa ba. Zabira ai jikina ce, tun ina saurayi nake ratayarta. Wa zai zargi rigarsa? A Kamba ta sauka, ta ce in yi awo ko a ina ne. Da motar ta tashi na ji kamar an bar ni a daji.

A bakin iyaka aka sauke mu duka. Wani mai kaki ya dubi faɗina ya ce in ɗaga riga. Na cire zabirorin na ɗora a kan benci, ya ce in buɗe. Nan na ga tashin hankali, don ƙullin igiyar da nake kwancewa ido rufe ya gagare ni. Ina ganin yatsuna a kai amma ba na jin igiyar. Na-Allah ne ya sa haƙori ya kwance. Mai kakin ya ɗaga askar Baba yana juyawa, na ce, "Ranka ya daɗe, a hankali, ba ta saba da baƙo ba." Ya yi dariya ya mayar. Da ya ga ƙahonni kuwa sai ya sassauta murya, ya ce bayansa ya daɗe yana damunsa, in na dawo zan tsaya? Na ce in Allah ya dawo da ni da hannu.

Muna jiran a gama duba takardun mota, Hajiya Kulu ta fito da man zafi ta ce in shafa. Na shafa. Abin mamaki sai na ji hannuwan suna dawowa. Hajiya ta cika wurin da baki: "Kun gani? Waccan ta asibiti sai surutu. Yashe haƙora, ɗaga hannu! Ga magani nan a jakata." Ni ma na yarda da man ne. Ban lura duk lokacin nan zabirorin suna kan benci ba. Da aka ce a shiga mota na mayar da su, na ƙara ɗage maratayan don kada wani mai kakin ya sake ganin faɗina.

Gaya ta ƙasar Nijar ba mu daɗe ba. Muka hau gada muka tsallake kogi, ruwa faɗi har ido ya gaji, muka shiga Malanbil, garin farko na Benin. Nan muka ci abinci. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, ya yanke mini dasashi. Shayi kuma a kwano suke ba ka kamar koko. Mai shayin Dandanci, yaren mutanen wurin, yake ji da Faransanci, Hausarsa ba ta wuce "kawo kuɗi" ba. Na ɗauki kwanon da hannu biyu, ban ji zafinsa ba, sai da na ga tafina ya yi ja. Man zafin Hajiya na shafa har idona na ruwa, a banza. Ta ce to iskar ta canza, ta ƙasar nan ce, ba ta san maganinta ba.

Daga Malanbil zuwa Kandi ban ga komai ba, kada wanda ya tambaye ni yadda ƙasar take. Manyan motoci ne jere, da gonakin auduga, shi ke nan. Ni aikina leƙa madubin direba ina yashe haƙora in ga ko baki ya karkace. Ina faɗin sunana a hankali: Bello, Gwandu, Faraku. Bafulatanin ya matsa jikin ƙofa, ina jin ya ɗauka na taɓu.

Dab da Kandi motar ta fara tari, ta mutu. Muka tura ta zuwa wurin wani bakanike, ya ce sai gobe. Na-Allah ya kai mu gidan wani mai masauki a zango, ɗaki ɗaya na maza, tabarmi a ƙasa, baƙi iri-iri. Na duba bango babu ƙusa ko ɗaya. Ba zan ajiye zabirar Baba a ƙasa mutane su riƙa tsallake ta ba, ba zan kuma bar ta inda ba na gani ba. Sai na jingina da bango na kwana da su a jikina.

Da safe hannuwan sun zama itace. Na zaga bayi, na fito riƙe da wando da gwiwar hannu, na kasa ɗaure tazuge. Mutum mai jikoki. Na tsaya a bayan ɗaki ina kiran Na-Allah ƙasa-ƙasa. Ya zo ya ɗaure mini, bai yi dariya ba, wannan rashin dariyar tasa ta fi komai tsorata ni.

Ya ce, "Baba Bello, mu tahi asibiti. In ka mutu cikin motata takardun gawa sun hi na albasa wuya."

Wani ƙaramin asibiti ne a bakin hanya. Wadda ta gan mu mace ce gajera mai farar riga, Na-Allah yana fassara da Dandancinsa na tasha. Ita ma ta sa na yashe haƙora na ɗaga hannu. Sannan ta ɗauko abin awon jini da ake naɗawa a damtse, ta yi ta ƙoƙarin naɗe hannun babbar riga, ya ƙi. Ta ce a cire rigar. Na ce wa Na-Allah ya gaya mata ni ba na tuɓewa gaban mace. Ya ce, "Ta ce ta ga waɗanda sunka hi ka." Na cire.

Matar ta tsaya tana kallona. Ta kira wata abokiyar aikinta daga ɗaya ɗakin, ita ma ta zo ta tsaya. Suka yi magana da sauri, ta biyun ta toshe baki.

Na ce, "Mi sunka ce?"

"Sun ce tun yaushe kake ɗaure haka kamar jakin fatake?"

"Tun Kalgo. Jiya da hantsi."

"Har kwana?"

"Har kwana."

Ta sa yatsa ƙarƙashin maratayin, bai shiga ba. Ta ɗaga shi da ƙarfi, ga kwari ya nutse a naman kafaɗata kusa da wuya, ja wur, hagu da dama. Ƙarƙashin hammata kuwa bakin ƙaho ya yi mini shaida. Ta fizge zabirar Baba za ta dire a ƙasa, na yi tsawa har wani mara lafiya ya leƙo. Na-Allah ya yi mata bayani, ta ɗaga kafaɗa ta ɗora a kan tebur.

Ta ɗauki hannuna tana nuna hanya da yatsa, daga gefen wuya, ta ƙarƙashin ƙashin kafaɗa, ta hammata, ta gwiwar hannu har yatsu. Na-Allah ya ce, "Ta ce jijiyoyin hannu duk ta nan suke bi, da hanyar jini. Kai ka ɗaure su daga sama, ka cusa musu ƙaho daga ƙasa, Hajiya ta danne daga gefe."

Ba a jima ba hannuwan suka fara dawowa, da zugi kamar ana tsira mini allurai. Ban taɓa jin ciwo mai daɗi irin wannan ba. Ta auna jini ta ce ya ɗan hau, in na koma gida in riƙa zuwa awo. Ta huda yatsa ta auna suga ta ce babu. Hagu ya dawo sarai. Dama ma ya dawo, sai yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi. Ta tsira musu tsinke, ina gani amma ban ji ba.

"Ta ce jijiyar wanga gefe ta sha matsa da yawa. Za ta farfaɗo, amma sai a hankali. Kwanaki, ko makonni. In ta ƙi, ka ga likita."

Na ce, "Tambaye ta gobe da sahe fa?"

Ta tura leɓe ta buɗe tafukan hannu. Wannan bai buƙaci fassara ba.

Daga Kandi a cinya na ɗora zabirorin, Hajiya ta ce ashe ma ni siriri ne, ta yafe kuɗin mutum biyun. Muka shiga Faraku da la'asar. Gari ne babba, babura kamar fara, mata ma suna tuƙawa da tire a ka, ba mai kallonsu. A gidan Sani, a zangon Hausawa, aka kawo mini sakwara da miyar gyaɗa da wani cuku na Fulanin can, soyayye, mai jan baya. Sun ce shi ne abin alfaharin garin. Na ci loma kaɗan. Hausar zangon ma daban take, rabi tamu rabi ta wasu, suna ce wa malami alfa. Dije na ji muryarta daga ɗaki tana cewa, "Baba ya zo! Na ce muku zai zo." Na amsa gaisuwa, hannun dama yana cikin aljihu.

Cikin masu zuwa gaishe ni akwai wani dattijo baƙi dogo, Isufu, wanzamin zangon. Shi ke askin sunan duk unguwar, wannan karon aka ce masa ya huta, kakan yaro na zuwa. Ya gaishe ni yana kallon zabirorin.

Ya ce, "Har biyu? Lallai Gwandu da aiki. Mu nan da ɗaya muke fama, kan yaranmu kuma bai taɓa ƙorafi ba. Gobe zan zo in ɗauki karatu."

Na ce, "Allah ya kai mu."

Kafin magariba na ja Na-Allah, da ya rako ni har gidan, wani lungu na ce ya zauna in gwada hannu a kansa. Ya ce, "In ka yanka ni wa zai mai da kai gida?" amma ya zauna. Askin ya tafi lafiya lau, har na fara jin sanyi a rai. Sai a bayan kunne na ga jini yana bin wuya. Ɗan yanka ne, bai kai a faɗa ba. Amma ban ji lokacin da askar ta ci ba. Ido ne ya gaya mini, bayan an gama. Na-Allah ya shafa ya duba yatsa, ya dube ni, ya sa hula. Bai gaya wa kowa ba.

Don kada a tsaya tambayata: yatsun sun dawo, bayan na komo gida da 'yan makonni, da kansu. Amma ran sunan da safe ban san za su dawo ba, kuma ko na sani ba abin da zai ƙara.

Aka taru a ƙofar gida, alfa ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka rago. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida. Hajo ta fito da yaron a cikin zane ta zauna gabana. Gashi gare shi baƙi, kwance, mai yawa. Mata sun cika bakin ƙofofi, Dije tana bayan labule. Isufu ya jawo kujera ya zauna kusa, ya harɗe hannu.

Na wasa askar Baba, na jiƙa kan da ruwan ɗumi, na yi bismilla. Yatsu uku ke riƙe aska. Biyun nan na ƙarshe su ke kwanciya a kan fata, suna tafiya tare da kaifi, su ke jin inda ƙashi ya ƙare. Na fara daga ƙeya, a hankali, ido na aikin yatsa. Ƙeya ta fita. Gefen hagu ya fita, na dama ya fita. Zufa na ɗiga daga haɓata, Hajo ta dube ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, lahiya?"

Saura tsakiyar kai, wurin maɗiga, inda ƙashi bai haɗe ba, fata ce kawai. Ina ganinta ta cikin jiƙaƙƙen gashi tana bugawa, sama, ƙasa. Na kwantar da yatsun biyu a kai. Babu komai. Kamar na ɗora su a kan iska. Yaron ya motsa kai kaɗan, ido ne ya gaya mini ya motsa.

Na ɗaga askar. Na san yadda zan yi in wuce, sau nawa na yi a rayuwata. Wataƙila da na yi da an gama lafiya, a yi guɗa, Isufu ya tafi da kunyarsa. Wataƙila.

Na juya askar, na kama ta ta baya, na miƙa ƙotar.

"Malam Isufu, zo ka ƙarasa."

Wata tsohuwa ta ce, "A'a!" Hajo ta san askar wa ce, ta san ƙa'idarta. Na jira baƙar magana daga Isufu, don tun jiya ya fara jefo mini ita. Ya dubi fuskata, ya dubi hannun. Sai ya tashi ya nemi buta ya wanke hannu har gwiwa, ya durƙusa, ya karɓi askar da hannu biyu.

Ya ce, "Riƙe mini kansa, Bagwandare. Na hagun yana ji?"

"Yana ji."

Na tallabi ƙeyar jikana da tafin hagu, ɗumi, santsi. Isufu ya sauke gashin maɗigar a ja uku, hannu mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ya goge askar a tafinsa ya mayar mini ta ƙota. Guɗar da aka yi ba ta da ƙarfi.

Dije ba ta jira an kai mata yaron ba. Ta fito da mayafi a ka, ta karɓe shi daga hannun uwarta, ta juya kan hagu da dama tana duba. Ko ƙwarzane babu. Idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Baba, tun daga Gwandu. Na gaya wa kowa. Mi ya sa?"

Na miƙa mata hannun dama, na ce ta mintsini ƙaramin yatsan. Ta mintsina. Na ce ta ƙara. Ta sa farce ta danna har wurin ya yi fari, tana kallon fuskata, ni ma ina kallon tata. Sai ta saki. Ta jawo yaron ta manna a ƙirji, ta rufe maɗigarsa da tafin hannunta, ta ce wa uwarta a zuba wa Malam Isufu abinci a kwanon manyan baƙi.